Hayaƙi a Cikin Mai Doki Biyu

Ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba maigidana ya sayi mota. Ya saye ta hannun wani Bafaranshe da ke tattara kayansa zai koma gida, kuma kujerar wannan Bature ce aka ba maigidana a biro, wato ofis, shi da ya yi shekara da shekaru yana yi masa aikin akawu. Mu mutanen Maradi ne, aiki ya kawo mu Yamai, muna haya a unguwar Kalley. Ranar da motar ta shigo lungunmu mata suka yi ta guɗa, ni kuwa da na leƙo na gan ta sai dariya ta kama ni. Wata 'yar aba ce mai ruwan toka, rufinta na tanti, bayanta a tanƙware kamar an kife ƙwarya.

Maigidana bai yi dariya ba. Mutum ne mai son ya san cikin abu, sai da ya haddace injin nan kamar karatun allo, ni ma ya sa na haddace ba da son raina ba. In ya dawo aiki sai ya ɗaga murfin gaba ya kira ni. Silinda biyu ne kawai, ɗaya yana kallon dama ɗaya hagu, suna kwance. Buji biyu. A takarda an rubuta ƙarfinta doki biyu, shi ya sa duk gari ake kiranta mai doki biyu, ko da yake ya ce wannan lissafin haraji ne, ainihin ƙarfin ya fi haka. Abin da ya fi burge shi, ba ta shan ruwa. Fanka ce a gaba take hura wa injin iska, babu tankin ruwa balle ya tafasa a hanya. Isansi, wato fetur, kaɗan ya ishe ta. Kuma gaskiya ne, na ga manyan motoci sun kafe a rairayi, ita ta wuce su tana rangaji.

Amma tana da halinta. In an kashe ta da zafi ba ta son tashi. Ka ja abin tayarwa sai ta yi nishi ta yi shiru, dole a sa ƙarfen murɗawa ta gaba, manibel, a yi ta juyi. Sau ɗaya ya tsuguna yana murɗa ta a gaban Babbar Kasuwa cikin farar riga, 'yan dako suna kallo suna ba shi shawara. Daga ranar ya rantse ba zai ƙara kashe ta a bainar jama'a ba. In ya tsaya sayen abu, ko gaisuwa, ko jiran wani, a kunne yake barinta.

Ɗayan halin nata ni na fara jin sa, don Allah ya ba ni hanci. Turawa sun yi motar don ƙasar sanyi, saboda haka akwai wasu gwangwanaye da suka rungume bututun hayaƙi, iska tana ɗumi a cikinsu, sannan ta bi tiyo ta fito wajen ƙafafun direba. Wata rana muna zuwa suna a unguwar Zongo na ce masa, "Malam, akwai ƙauri cikin motar nan."

"Turaren zanenki ne," in ji shi.

Da muka sauka kaina yana sara, ƙafafuna sun yi sanyi kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Na matsa masa har muka biya garejin wani makaniki da ke nan Zongo, mutumin garin Tawa. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu. Ya ce tsatsa ta ci bututun daga cikin gwangwanin, hayaƙi yana gauraya da iskar da ke shiga wajen mutane, kuma ciwon irin motocin ne in sun tsufa. Sabo babu shi a gari sai an aiko daga bakin teku. Ya naɗe wajen da gwangwanin madara da waya, ya cusa tsumma a bakin tiyon.

"Wanga ɗauri na wucin gadi ne, mushe," ya ce, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci. "Kahin kayan su iso, ka bar gilashi buɗe."

Maigidana ya ce to. Kuma ya bar shi a buɗe na ɗan lokaci, ban yi masa ƙarya ba.

Sai ciwon kai ya fara. Ya dawo daga biro idanu ja, ya ture tuwo, ya kwanta a tabarma tun la'asar. Mutumin da bai taɓa manta abu ba ya fara tambayata ko ya yi sallah. Wata rana ya yi amai a ƙofar gida. Abin da na lura, ranar Lahadi da ba ya fita da mota garau yake tashi, har ya yi wa yara wasa. Na faɗa masa. Ya ce ai Lahadi ba ya zuwa biro, kuma a biro ciwon yake.

Nan ne yayarsa ta shigo maganar. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tana sonsa son da ban isa in yi musunsa ba. Ta zo daga Maradi ta dube shi ta fashe da kuka.

"An jehe shi," ta ce. "Yaro ya hau kujerar Nasara, ya hau motar Nasara, yana ratsa gari kowa na ganin huskarshi. Mi kuke jira? Baki da ido sun kama shi."

Ba zan ce babu mahassada ba. Akwai waɗanda suka girme shi a aiki aka tsallake su, wasu sun daina amsa gaisuwarsa. Shi kansa wannan ne yake cin ransa, sai maganar Yaya ta faɗa inda ya riga ya yi laushi. Ta je wajen wani malami ta dawo da rubutun sha, da laya da za a rataya jikin madubi, da sharaɗi guda: tsakanin gida da wurin aiki kada idon kowa ya sauka a kansa, kada iskar bakin mutane ta taɓa shi. Ta zauna da hannunta ta ɗinka labule na baƙin yadi ga tagogin baya da na gefe, ta bi duk wata kafa a rufin tanti ta toshe da auduga.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Yaya, makaniki ya ce a bar gilashi buɗe. Hayaƙi ne."

"Ke amarya," ta ce, ko da yake ina da 'ya'ya uku a lokacin, "hayaƙi nawa muka sha a murhu tun muna ɗiya? Wa ya kashe?"

Na juya ga maigidana. Na ce masa an yi gudun gara za a faɗa gidan zago. Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, har na ɓoye makullin motar a tukunyar gero. Ya karɓe shi cikin lallashi. Ya ce makaniki ya ɗaure wajen, kaya suna hanya, kuma ba zai kunyata wadda ta goye shi ba. Da Yaya ta koma Maradi na cire labulen, ya mayar. Kullum da safe in zai fita sai in bi shi har ƙofa in ɗaga rabin gilashin nan da ke naɗewa sama, ya yi murmushi ya bar shi. Yaran unguwa suka gaya mini da ya sha kwana yake saukewa.

Cikin ɗari aka tura shi rangadi ƙauyukan da ke hayin kogi. A lokacin babu gada, jirgin fito ne ke ɗaukar motoci, kuma layi yakan yi tsawo. Ya fita da sassafe da bargo a kafaɗa, ya ce in ajiye masa fura, zai dawo kafin azahar. Tsumman nan na bakin tiyo ashe ya cire shi, don sanyin bakin ruwa yana shiga ƙashi.

Abin da ya faru a bakin fito daga baya na ji shi. Ya shiga layi bayan wata babbar motar gyaɗa. Bai kashe injin ba, gilasai kuma duk a rufe. Jirgi ya je ya dawo, layi ya matsa, mai doki biyu ba ta matsa ba. Wani ya leƙa ta gilashin gaba ya ga mutum ya jingina kai, hula a goshi, ga takardar gwamnati manne a gilashin. Suka ce babban ma'aikaci ne yana hutawa. Wa zai ƙwanƙwasa wa irin wannan taga? Direbobi suka riƙa kewaye shi a hankali suna shiga jirgi, wasu har rage ƙarar motarsu suke yi don kada su tashe shi. Mai sayar da ƙosai ta hana yara jingina da motar. Sai da rana ta ɗaga sosai wani direba ya yi ƙarfin hali ya buɗe ƙofa.

Ni ina gida ban san komai ba. Na dama furar, na rufe da faifai, na share tsakar gida sau biyu don hannuna ya ƙi zama. Azahar ta wuce. Can wajen la'asar na ji ta daga bakin titi, tat-tat-tat ɗin nan na silinda biyu da babu wata mota a Kalley mai irinsa. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce alhamdulillahi, yau ma an tsallake. Yara suka ruga suna "Baba ya dawo!" Na ɗebo ruwa a kwano na fita, ina shirya faɗan da zan yi masa.

Motar ta tsaya a ƙofar gida, tagoginta duk a buɗe, an naɗe rufin tantin har baya. Wani dogon mutum da ban taɓa gani ba ya fito daga wajen direba. Ya dubi yaran, ya dubi kwanon da ke hannuna, sannan ya tsuguna a ƙasa ya yi sallama.

"Baiwar Allah," ya ce, "akwai namiji babba a gidan ga?"