Ƙugiyoyin Aro na Baba Bitrus

Ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Kagoro na ji babur ya tsaya a bakin aji. Ƙanena Ishaya ne, ko hula babu a kansa. Bai gaishe ni ba, shi da ko ɗan aji ɗaya ba ya wucewa bai ce masa sannu ba. Ya ce, "Yaya, ajiye allin nan ki hau. Baba ya faɗi a bakin kogi." Na tambaye shi wane asibiti aka kai shi, sai ya sunkuyar da kai yana murza hannun babur. Tun a hanya na gane, amma sai da na hango matan zumuntar coci cike da ƙofar gidanmu a Kafanchan suna waƙa a hankali, sannan na tabbatar Baba ya rasu.

Mutanen gari sun san mahaifina, Baba Bitrus, a matsayin tsohon makanikin reluwe kuma dattijon coci. An faɗi wannan a wurin jana'iza, kuma gaskiya ne. Ni wani abu dabam nake so in rubuta, domin shi ne ya tsaya mini a ƙirji tun ranar. Ina so in yi maganar wani ɗan gwangwani da yake ajiyewa a ƙarƙashin gadonsa.

Kafin yaƙin basasa, aiki ya kai Baba Fatakwal, mu kuwa muna gida tare da Mama. Mutumin da ya girma a gindin duwatsu, babban ruwan da ya sani shi ne kogin Matsirga, sai ga shi a bakin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. A can ya yi aboki, wani masunci mai suna Tamuno, wanda yake ɗaukarsa a kwale-kwale ranar Asabar. Baba yakan ba mu labarin fitarsu ta farko yana dariya har da hawaye. Ya je da ƙugiyoyinsa na gida, siraran nan baƙaƙe da ake kama karfasa da su. Kifin farko da ya ci ya miƙe ƙugiyar kamar allura ya yi gaba, sauran kuma kafin Asabar ta zagayo gishiri ya cinye su da tsatsa. Tamuno ya dube su ya ce a kai wa tela.

Shi ya koya wa Baba zaɓen ƙugiyar teku. Dole ta zama mai kauri, fara, wadda aka yi wa rufin da gishiri ba ya saurin ci. Mai dogon wuya ta kifi mai haƙora ce, don kada ya kai ga zare ya datse. Gajera mai ƙarfi ta kifin da ke ɓuya cikin duwatsu da saiwoyi ce, wanda sai an fizgo shi. Baba ya riƙe wannan karatu kamar ayar haddace. Yakan ce mana, "Kar ki duba girman kifin da kike so. Duba bakinsa, duba abin da za ki sa mishi ya ci." Kuma bai taɓa ɗaura ƙugiya bai ja tsininta a kan farcen babban yatsansa ba. In ta kama farcen, ta yi. In ta zame, sai ta koma kan dutsen wasawa.

Da hankula suka tashi, 'yan Arewa suka fara gudowa gida, Tamuno ne ya ɓoye Baba a rumfarsa, ya kuma raka shi har tasha. Da za su rabu Tamuno ya danƙa wa Baba gwangwanin nan cike da ƙugiyoyinsa mafi kyau, ya ce ba kyauta ba ce, aro ne, ya dawo masa da su da hannunsa. Baba ya iso Kafanchan ba akwati, ba takalmi, sai gwangwani a aljihu. Daga ranar bai sake jin labarin abokinsa ba.

A bakin teku, duk wanda ya dawo daga fatsa sai ya wanke ƙugiyoyinsa da ruwan daɗi, ya shanya, ya shafa musu mai. Baba ya zo da wannan al'ada garin da ba gishiri sai na miya. In ya dawo daga kogi, sai ya ja ruwan rijiya ya wanke nasa na gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ciro gwangwanin Tamuno, wanda ko sau ɗaya bai jefa abin cikinsa a koginmu ba, ya baje su a kan tsumma, ya goge kowace da manja. Maƙwabta suna tsokanarsa. Mama takan leƙo daga kicin ta ce, "Baban Rifkatu, ka fito daga ruwa kana wanke ruwa da ruwa, manja na kuma yana ƙarewa." Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce, "Kayan mutum ne. Ba zan mayar mishi da tsatsa ba."

Mun yi dariyar nan muna yara. Da na girma na daina.

Yaƙi ya ƙare, jirgin ƙasa ya koma zuwa Fatakwal, yana tashi daga tashar da muke jin ƙararta daga tsakar gidanmu, amma Baba bai hau ba. Bana sai ya ce damina, baɗi ya ce karatunmu, wata shekarar ya ce ƙafarsa. Na daɗe kafin in gane cewa tsoro ne. Mutumin da ba ya tsoron shiga ƙarƙashin injin jirgi yana tsoron ya isa bakin ruwan nan ya tarar da rumfa babu mai ita. Muddin bai je ba, Tamuno yana raye, yana jiran ƙugiyoyinsa.

A daminar nan, bayan sujada wata Lahadi, ya kira ni ɗakinsa ya ce ya gaji da jira. Ya ce in an ba mu hutun Kirsimeti zan raka shi, ko me za mu tarar, mu tarar tare. Na yi murna har na manta ni malama ce. Na tsuguna gaban tsumman da ya baje ƙugiyoyin Tamuno a kai na ce, "Baba, in mun je, wacce za ka ɗaura mini?" Ya bi su da ido, ya taɓa wannan, ya taɓa waccan, sannan ya ce, "Ba a zaɓa daga gida, Rifkatu. Sai mun ga ruwa."

Bai ga Kirsimeti ba. Ranar da ya faɗi, manoma suka same shi zaune ya jingina da dutse, sandar fatsarsa a kan cinya. Da aka shirya shi, na kama hannunsa karo na ƙarshe, na ga zane-zanen ƙugiya a farcensa, har da sabon da ya yi da safen. A nan ne na yi kukan da aka fitar da ni waje.

Da baƙin makoki suka ragu, na ga jakar fatsarsa rataye a bayan ƙofa yadda aka kawo ta daga kogi, ƙugiyoyinsa na gida har sun fara tsatsa a cikin laka. Na ja ruwan rijiya na wanke su. Na ciro gwangwanin na baje a kan tsummansa. Mama ta fito ta tsaya a kaina, sannan ta koma ciki ta kawo mini kwalbar manja gaba ɗaya. Ni da Ishaya za mu hau jirgin nan a hutun Kirsimeti. Ban sani ba ko akwai hannun da zai karɓa, amma za mu kai.

Ubangiji mai jinƙai, ka karɓi bawanka Bitrus, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe Mama da ta saba jin motsinsa a bakin rijiya, ka ƙarfafa Ishaya da jikokin da ba su gama saninsa ba. Ka tuna da Tamuno, ko yana wannan gefen ko yana wancan tare da abokinsa. Ni kuma ka ba ni haƙuri, domin na duba ƙugiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, babu tsatsa a jikin ko guda, kuma har yau ban san wadda zai ɗaura mini ba. Amin.