Gawo Mai Ganye a Tsakiyar Damina

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a, mafi yawansu sun shuɗe ko tunawa ba na yi. Amma ranar da na ɗaura wa kawuna tabarau na tura shi cikin gonar da na gina a kwamfuta, wannan kam ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin za ta fita daga raina.

A lokacin ina ƙaramar malama a sashen kwamfuta, nan Sakkwato. Malaman aikin gona suna da wani kuka da suka daɗe suna yi: damina gajeriya ce, kuma sau da yawa tana faɗowa ɗalibai suna hutu, sai mutum ya kusa gama karatun noma bai taɓa bin gero daga shuka har girbi ba. Ni kuwa da rawar kai na ce zan gina musu gona a cikin kwamfuta. Ɗalibi zai ɗaura wani tabarau mai kauri a fuska, sai ya gan shi tsaye a tsakiyar kunyoyi, ya juya gabas ya ga hadari, ya yi shuka, ya danna maɓalli lokaci ya matsa gaba ya ga abin da shukarsa ta zama. Damina guda cikin awa guda.

Shugaban sashen noma, wani dattijon Farfesa da ba ya dariya sai da dalili, ya ce in gama in kawo ya gani. In ta yi masa, za a sa ta cikin darasin 'yan aji biyu. In ba ta yi ba, a rufe maganar. Shekara guda na kashe a kanta. Kuma saboda son a ce ni kaɗai na yi, ban bar ko malamin noma ɗaya ya leƙa ba, littattafansu kawai na ara. Ni kuwa 'yar unguwar Mabera ce, cikin gari, haihuwa da girma, gero a kwano na san shi.

Saura kwana uku a je gaban Farfesa, sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo suna daga ƙauye ya sauka gidanmu. Bayan la'asar ya fito ya same ni a tsakar gida da tabarau a fuska, ina juye-juye ina kama iska.

"Ke ɗiyata, lahiya? Mi yas same ki?"

"Ina gona ne, Kawu."

Ya dubi simintin da nake tsaye a kai, ya dube ni. "Gona. To, Allah shi ba da damina mai albarka."

Mahaifiyata tana ta dariya daga ɗaki. Ni kuwa sai wani tunani ya kama ni: me mutumin da ya yi shekara hamsin riƙe da fartanya zai yi in ya shiga gonata? Zai tsorata? Zai gane gona ce ma? Na yi ta roƙonsa har ya tuɓe hularsa ya miƙo mini kai, yana cewa in ya makance ni zan riƙa ja masa gora.

Ina ɗaura masa ya damƙe hannuna. A hankali ya yi sallama, ya tambaya gonar wa ce, don shi ba ya shiga gonar mutane haka nan. Na ce tasa ce yau. Ina kallon abin da yake gani a fuskar kwamfutata, ina kuma kallonsa shi kansa. Ya sunkuya zai ɗebi ƙasa ya ji laimarta, yatsunsa suka bugi siminti. Da na nuna masa yadda ake jefa iri, sai na ga diddigensa ya rufe ramin da kansa, ramin da babu shi. Wallahi daɗi ya cika ni, na ce a raina Farfesa ya gama faɗuwa.

Can sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama.

"Wanga icce, gawo na?"

"Gawo ne, Kawu. Ni na ɗauko hotonsa da kaina, a hanyar ƙauyenku."

"Yaushe?"

"Da rani."

"To. Ga hatsi ya kai gwiwa, ga hadari gabas, ga kuma gawo da ganye kore shar. Ɗiyata, wagga ƙasa taku ina take? Ni dai tun da Allah yay yi ni ban taɓa ganin gawo da ganye cikin damina ba."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Ashe ba ita ba ce. Da tabaran a fuskarsa, yana nuna sararin tsakar gidanmu da yatsa, ya karanta mini abin da kowane yaron ƙauye ya sani. Duk itatuwa da damina suke fid da ganye, gawo shi kaɗai a lokacin yake zubar da nasa ya tsaya tsirara. Da rani yake yin kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Ruwa na sauka ganyen ya zube ya ruɓe, rana ta samu hanya. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na ko'ina a gona.

Nan take na tuna abin da na rubuta wa kwamfutar. Na karanta cewa inuwa tana hana shuka girma, sai na shimfiɗa dokar a kan kowace bishiya. Kawu ya ce in matsa masa lokaci zuwa kaka ya gani. Na danna. Gero ya tashi ko'ina ya fid da zangarniya, sai na gindin gawo, ya tsaya gajere, ja-ja, abin tausayi.

Ya fizge tabaran daga fuskarsa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ƙarya ta! Kuma wagga za ku gwada ma yaran da za su zo su koya muna noma? Duk wanda yag ga wanga da idonai, gatari za shi ce mu ɗauka."

Kunya ta rufe ni, amma son sani ya fi ta ƙarfi. Na ɗauko littafi na zauna a ƙasa gabansa na ce, Kawu, sai me kuma? Ya mayar da tabaran ya sake zagaya gonar kamar mai shirin saye. Babu gamba a iyaka. Babu wake tsakanin geron. Hadarina ma ya cika saurin zubar da ruwa, babu iskar da take gabatarsa. Ya fasa komawa gida washegari, muka yi kwana biyu yana faɗa ina gyarawa.

Ranar gwaji Farfesa ya ɗaura tabarau ya shiga gonar. Bai kula hadarin da na sha wahala a kansa ba, bai kula shuka ba. Kai tsaye ya nufi gawon. Ya daɗe a gindinsa yana duban rassan da babu ganye, ya ce in kai shi kaka, ya dubi geron da ya fi shi tsawo. Sannan ya cire tabaran.

"Wannan ba ya cikin littattafan da kika ara. Wa ya faɗa miki?"

Na so in ce bincike na yi, har maganar ta zo bakina. Sai na ce, "Kawuna ne, ranka ya daɗe. Manomi ne, bai taɓa shiga aji ba." Na kuma faɗa masa yadda gawon yake kwana uku da suka wuce, ban rage komai ba.

Ya miƙo mini tabaran. Daga baya ya ce da ya tarar da ganye a bishiyar nan, da ko zama ba zai yi ba. Ya amince a sa gonar cikin darasi, da sharaɗin ba za a ƙara ko ciyawa ɗaya a cikinta ba sai malamin noma da manomi sun shiga sun gani.

Har yau ɗalibai suna shiga gonar, kuma ina jin yadda suke magana in sun fito. Ba sa cewa "an ce mana", cewa suke "na gani". Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kuskuren da ke cikin littafi ɗalibi zai iya shakkarsa, amma wanda ya tsaya a cikinsa ya gani da ido, rantsuwa zai yi a kansa. Don haka duk wanda zai gina wa mutane duniya su yi karatu a ciki, kafin ya buɗe ƙofa ya fara kiran waɗanda suka rayu a ta gaskiyar su duba masa.