Maɓallin Dama

Baƙuwar da ta ari kwamfutarsa tana zaune a kujerarsa, tabarau a goshi, takalmi ɗaya a cire. Mai buga takardu yana tsaye, ransa na suya. Yatsanta na kan maɓallin dama na linzamin kwamfutar, wanda shi bai taɓa dannawa ba. Tana dannawa jerin zaɓi ya sauko, sai ga uku bisa huɗu tsaf da layinsa. Shi kuwa in ya zo kan irin wannan lissafi, gurbi yake bari, ya cike da biro. Wannan, a ganinsa, ba ta taɓa shan wahala ba.

"Hajiya, ina shagonki yake?" in ji tsohon kwastomansa, malamin lissafi.

Mai buga takardun ya zare biron daga bayan kunnensa, ya cusa aljihu.