Wane Rago Aka Yanka wa Dakta?

Baba Ɗanjuma bai taɓa ce wa mutum "yaya sunanka?" ba, ku 'yan zaure shaida ne. Hannunka zai riƙe ya ƙi saki, ya leƙo ka ta saman tabaran nan nasa mai ɗaure da zare, ya ce, "Wane suna kake amsawa?" In ka faɗa, sai ya yi ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya, har sai ka ce ya yi daidai. Ni da na zauna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Bin Omran ta Doha lokacin ina karatun digiri na biyu, na sha ganin baƙon da shayinsa ya huce yana tsaye ana gyaran sunansa.

Abin ya samo asali ne daga wurin aikinsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Fomansu, wani ɗan Indiya mai kirki, ya ga suna a rubuce ya datse shi, ya koma kiransa Mista Dan. Baba ya yi gyara, ya sake gyara, a banza. Rannan ana tsakiyar zafin bazara sai na'urar ofishin foman da kansa ta mutu. Baba na zaune a inuwa yana shan shayin karak.

"Mista Dan, yalla, taso."

Ko gezau.

"Mista Dan!"

Baba ya waiga bayansa, ya ce da Turancinsa na kanikawa, "Yau ma bai zo aiki ba, wannan Dan ɗin."

Haka ya zaunar da bawan Allah a bakin ƙofa, gumi na zuba, yana koya masa harafin ɗa. "Manna harshe a sama. A'a, kada ka hura, ka ja ciki." Da ya dawo gida na ce, Baba, ya iya kuwa? Ya ce, "Har da Juman. Ai zafin Doha ya fi kowane malami iya koyar da Hausa."

To wannan mutumin muka ɗauka muka ba gadin zaurenmu na imel, wanda Hausawan Doha da waɗanda suka taɓa zama suka tashi ke hira a ciki. Mun ba shi ne don shi kaɗai ke da haƙurin zama a shagon intanet bayan La'asar yana buga harafi da yatsa ɗaya. Dokarsa guda ce: a kira kowa da sunan da yake amsawa. Wanda ya karya, sai Baba ya tono sunan da ake kiransa da shi yana yawo ba wando, ya yi ta kiransa da shi a gaban jama'a har ya tuba. Yadda yake samo sunayen, Allah kaɗai Ya sani. Ni dai na san in ya je hutu gida, tsofaffin mata yake bi yana gaisarwa.

Wanda ya fi cin moriyar dokar shi ne Kabiru na unguwar Madinat Khalifa, wanda ya sanar cewa daga yau shi Dakta Injiniya Alhaji Kabiru ne. Muka yi ta dariya a ɓoye. Baba bai yi ba. Ya ce shi yake amsawa, shi za a kira. Ko a kan tuwon Juma'a sai ka ji, "Dakta Injiniya Alhaji Kabiru, miƙo yaji." Kafin a kai ƙarshen suna wani ya miƙo.

Wajen 2006 ne Habiba ta rubuto. Sababbin zuwa ba su san ta ba. Ta yi aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan, kuma a lokacin da sunan namiji muka san ta. Tsohon sunan ba zai fito daga bakina ba, ina tsoron Baba har yanzu. Ta koma wata ƙasar Turai mai sanyi, ta yi shiru, sai ga saƙo ɗan gajere. Ta ce ita mace ce, haka take ji tun tana ƙarama, yanzu haka take rayuwa, sunanta Habiba. Ta ce 'yan gidansu sun daina ɗaukar wayarta, kuma a duk duniya wannan zaure ne kawai ya rage mata inda ake mata Hausa. In za a kore ta, a faɗa mata da wuri.

Zaure ya kama da wuta. Mutanen da ko ta'aziyya aka yi ba sa tofawa, ranar kowa ya zama marubuci. Dakta ne ya ja gaba. Ya rubuta tsohon sunan da manyan baƙaƙe, ya jera "kai" da "ka" kamar mai kafa shinge, ya rufe da cewa sunan da aka yanka wa rago shi ne suna, saura duk shirme ne, a cire wannan mutum daga zaure.

Ina gefen Baba a shagon yana amsawa. Yatsa ɗaya, harafi ɗaya, mai shago yana ta kallon agogo.

"Kwaɗon Goggo, na ga saƙonka. Ka ce sai sunan yanka. Madalla. Wane rago aka yanka wa Dakta? Injiniya fa, tunkiya ce ko akuya? Mahaifiyarka ma, da yake kai ne na fari, ba ta taɓa cewa Kabiru ba, ban ji ka kai ta ƙara ba. Habiba, sannu da sanyi. Kin samu inda ake sayar da kuka a garin naku?"

Wallahi sai da na faɗo daga kujera. Kwaɗon Goggo! Ashe mutumin da ke mana lacca da kwat, yana yaro da tsalle yake bin bayan goggonsa.

Da Magariba Dakta ya diro ɗakinmu, ko takalmi bai gama cirewa ba. "Baba, yanzu kai da furfurarka ka yarda da wannan abu?"

"Wa ya ce maka na gane shi? Ban gane ba. Ita na'urar da nake gyarawa ma ba duka na gane ba. Hisabi ba ni aka ba wa ba, gadin zaure aka ba ni. Yarinya ta yi sallama da Hausa, ka ce in rufe ƙofa?"

"To ni bakina ba zai iya cewa ki ba."

"Foman ma haka ya ce a kan ɗa. Khalas, magana ta ƙare, zauna ka ci abinci."

Wasu sun yi fushi sun fita daga zaure, Baba ya raka kowannensu da addu'a da cikakken sunansa. Dakta bai fita ba, don babu wani wurin da ake kiransa Dakta Injiniya kyauta. Sai ya samo dabara. In dole ta kama ya amsa wa Habiba, sai ya rubuta, "Kun yi gaskiya," ko "Kamar yadda kuka ce." Baba ya tambaye shi, "Su nawa ne? Ni mutum ɗaya na gani." Daga baya ya ce mini, "Wannan ku ɗin ba ta girmamawa ba ce, ta kewaye kwata ce. Amma bar shi, ai ya baro ce mata kai."

Habiba ta zauna. Ita ce ma ta koma mai gyara mana karin magana in mun karya masa ƙafa.

Da Allah Ya karɓi ran Baba, muka kai shi maƙabartar Mesaimeer muka dawo muka zauna a ɗakin nan na Bin Omran. Ana cikin karɓar gaisuwa sai tsohuwar wayarsa ta yi ƙara a kan taga. Aka miƙa wa Dakta, shi ne babba. Ya kara a kunne, muka ga fuskarsa ta sauya. Habiba ce, har kukanta muna jiyowa. Tana cewa duk Juma'a Baba ke kiranta, ya tambayi lafiyarta, ya yi mata faɗan rashin cin abinci. Yanzu wa zai ƙara kiran sunanta da bakin gida?

Dakta ya buɗe baki. "Ku... ku yi..." Ya tsaya. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita.

"Habiba," ya ce. "Ki yi haƙuri. Kin ji? Ki yi haƙuri, uba muka rasa."

Na yi dariya hawaye na zuba, don na san da Baba na nan da cewa zai yi, "Ka manna harshen daidai."

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanjuma, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya wa mutane ɗakunansu. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah Ya sa a kira nasa cikin rahama. Amin.