Ƙwayar da na ce magani ce

Da wannan damina, shekara hamsin ke nan da muka ɗauko wana Nomau daga gonar surukinsa a Tajaye, kwance cikin amalanke, hauyarsa a gefensa. Duk tsawon shekarun nan, wanda ya tambaye ni sai in ce rana ce ta buge shi. Na gaji da wannan ƙaryar, kuma waɗanda nake jin kunyar idonsu duk sun riga ni kabari.

Nomau manomi ne na gaske. In aka yi gayya, shi ke fara kai ƙarshen kunya, ya juyo yana yi wa sauran samari dariya. Ni kuwa lakwal aka kai ni, wato makarantar boko, har aka ba ni aji a wani ƙauye kusa da Malbaza. Tun daga nan ya daina kirana Sa'idu, sai Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, yana cire mini hula don tsokana. Kowace takarda ta shigo gidanmu, ta jandarma ce ko ta likita, ni ake jira. Abin ya yi mini daɗi har kaina ya kumbura.

Daminar da ta biyo bayan babban fari, kowa na son ya cika rumbu ko ta halin ƙaƙa. Ranar wata kasuwar Konni ya dawo da fararen ƙwayoyi ƙunshe a takarda, wani direba ya ba shi, wai suna kashe gajiya. Ya zuba mini su a tafin hannu.

"Mushe, kai da ka yi boko, duba mini. Magani ne ko mi?"

Babu kwali, babu suna, babu rubutu ko ɗaya. Na juya su, na ga sun yi kama da maganin masassara. Da na ce ban sani ba, da ya watsar da su, don Nomau ba ya ƙetare maganata a kan kayan Nasara. Girman kai bai bar ni ba. Na ce, "Magani ne, Yaya. Sha abinka."

Satin farko ya nome gonarmu shi kaɗai, Inna tana ta sa masa albarka. Daga baya barci ya ƙaurace masa. Matarsa Hajo ta kai fura gona, ta dawo da ita yadda take. Ya rame, baki ya bushe, yana ta cizon haƙora. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma zargin maƙwabta wai suna bin sawunsa. Ranar da ƙwaya ta yanke kuwa, sai ya yini a zaure ko hannu ba ya iya ɗagawa. Inna ta ce sammu ne, ta yi ta karɓo rubutu. Ni na san ba sammu ba ne. Sau ɗaya tak na ce masa ya rage, ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ba kai ka ce magani ne ba?" Na sunkuyar da kai, ban sake tayar da zancen ba.

Ranar gayyar surukinsa ya haɗiye uku a lokaci ɗaya, don kada ya ji kunya gaban dangin matarsa. Mai ganga na kiran sunansa, rana na tsaka, aka miƙa masa ruwa ya ture. Ya kai ƙarshen kunya kafin kowa, ya juyo kamar zai yi dariyar nan tasa, sai ya dafe ƙirji ya faɗi. Daga baya wani ma'aikacin likita a Illela ya ga sauran ƙwayoyin, ya ce mini amfetamin ce, zaburar da zuciya take yi har ta gaza.

Yanzu in na ratsa tashar Konni, nakan yi tunanin abin da Nomau zai ce. Ga masu haɗiyar tiramol, na ga wanda ta kayar yana shure-shure da kumfa a baki. Ga masu kwankwaɗar maganin tari suna magana harshe na sarƙewa, ga 'yan sholisho da wiwi. Na san halinsa, ba zai zage su ba, tausayinsu zai ji. Abin da ke ƙona mini rai shi ne da yawansu ba su tambayi kowa ba. Shi ya tambaya, kuma ni ya tambaya.

Gonarsa tana nan, hauyarsa tana rataye a ɗakina, ƙotar ta yi santsi inda yake riƙewa. Ya kuma bar ɗiya, Hajo na da cikinta lokacin da ya rasu, yau ita ma ta yi jikoki. Har yanzu takan kawo mini magani in duba mata, ni kuma kullum amsata ɗaya: "Ban sani ba, mu tafi likita." Sai ta yi dariya irin ta ubanta ta ce, "Haba Baba, kai da ka karantar da rabin gari?"

Ba ta taɓa sanin dalili ba. Gobe da hantsi zan ɗauki jaridar da ta buga wannan labari nawa in tafi gidanta, in karanta mata da bakina.