Kofin Almu

Da asuba, kafin in iso bakin kogi, Almu ya riga ya tayar da injin ban ruwa, ya zauna can gefe yana wanke kofinsa da ruwan zafi. Kofin silba ne, ya ɗaure hannun kofin da jan zare don kada wani ya ɗauka. Shekaru muka yi muna aiki gona ɗaya a Mai Wurno, ni da shi. Ba mai surutu ba ne, ni ma haka.

Ƙodojinsa sun mutu, ƙanwarsa Sakinatu ta ba shi tata guda. Da ya dawo daga asibitin Madani, inda aka yi masa dashen, ya dawo da buhun magani da magana ɗaya da likita ya nanata masa. Akwai wata ƙwayar cuta, CMV, tana kwance a jikin yawancin mutane ba ta komai. Amma wanda aka yi wa dashe yana shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, sai ta samu hanya. Tana iya farkawa daga cikin sabuwar ƙodar, tana iya shigowa ta miyau. In zazzaɓi ya zo, kada ya ce maleriya ce, ya je a auna jini.

Almu ya riƙe maganar da gaske. Mu kuwa a nan, randa ɗaya ce a ƙofar gida, moɗa ɗaya, mai wucewa ya sha ya ajiye. Tire ɗaya muke sa hannu. Ranar da ya ƙi karɓar finjalin jabana, gahawarmu ta nan, a majalisa, Sa'id mai shago ya ce, "Wallahi ƙodar Sakinatu ta zo da girman kai. Mu ne ƙazamai yanzu, ya zol?" Zol, haka ake kiran mutum a nan. Aka yi dariya. Almu bai yi ba. Daga nan aka daina kiransa, shi ma ya daina zuwa. Da azumi ana shimfiɗa tabarmi a titi, shi yana buɗa baki cikin ɗaki. Jikarsa Malak ta ciro dabino daga bakinta ta miƙa masa, ya kawar da kai. Yarinyar ta yi kuka. Na ga ya juya fuska bango.

Bayan damina zazzaɓi ya kama shi, da gudawa, da kasala. Kowa ya ce maleriya. Sakinatu da kanta ta kawo ƙwayoyin maleriya a leda.

"Yaya, ka sha kamar kowa. Ni ma ita ta kayar da ni."

"Ba zan sha ba sai an auna."

"Ruwan gidana ka ƙi, yanzu maganina ma?"

"Ƙodarki nike tsaro, Sakinatu. Ba ki da wata da za ki ba ni."

Ta ɗauki ledarta ta fita.

Washegari na raka shi tasha, zai je Sinnar a auna jininsa, don ba wanda ya fito. Ya gaya mini inda injin ke yoyon mai. Motar Sinnar ta kusa cika sai ga Sakinatu, riƙe da gorar ruwa, bakin gorar a rufe.

"Dafaffe ne," ta ce. "Ba wanda ya taɓa."

Ya kwance kofin daga jakarsa, ya tara, ta zuba masa. Ya haɗiye maganinsa na safe da shi, ya shanye sauran, sannan ya hau ya zauna kujerar baya, jikin taga.