Farar Shaddar Malam Ikrima

Allah Ya jiƙan Malam Ikrima, mai gyaran injin ban-ruwa a Zobe, kusa da Dutsin-Ma. Mutum ne da ba ya zuwa bikin kowa da tsumma. Shi ya sa da Ba'indiyen da ke sayar masa da kayan gyara a Kano ya gayyace shi bikinsu na shigowar bazara, sai ya ciro farar shaddarsa tilo, ya kai bugu.

Ranar Asabar muka bar Dutsin-Ma a motar abokinmu Ashafa. Ikrima na gaba, ya hana kowa cin gyaɗa kusa da shi.

Muna shiga gidan Ba'indiyen, mai gidan ya tarye shi da murna, ya watsa masa jan gari a ƙirji. Ashe haka al'adarsu take.

Ikrima ya tsaya cak yana kallon rigarsa. Ashafa ya ce, "Malam, mu juya?"

Ikrima ya dubi mai gidan, bai ga komai a fuskarsa ba sai farin ciki. Ya miƙa hannu.

"Alhaji," in ji shi, don kowa Alhaji ne a wurinsa, "ƙaro mini kore. Ja kaɗai bai yi kyau ba."

Ranar mun sha dariya. Yanzu in na tuna, hawaye ke riga dariyar zuwa.